Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi: Kada A Fara Da Kafireto

'Yan'uwa manoma, cikin dukan kayan da ƙungiyar gama kai ta mallaka, babu wanda ke jawo gardama kamar injin ban ruwa. Ran da ya ƙi tashi sai kowa ya zama makaniki. Wannan ya ce a kwance, wancan ya ce a murɗa, wani kuma ya ce a kai shi gari. Magana ɗaya ce a bakin kowa, watau "kafireto ne." Kafin a ankara an ɗauko sukurudireba.

Ra'ayinmu a nan shi ne, kafireto shi ne wurin da za a taɓa daga ƙarshe. In ma an tarar shi ke da ciwon, yawanci abin da aka zuba masa ne ya jawo, ko kuwa yadda aka ajiye shi. Saboda haka rabin maganin yana hannun ƙungiya, tun kafin a aika kiran makaniki.

Maganar ba ƙarama ba ce. Tumatir mai fure, da albasa mai sa kai, da alkama mai cika ido, ba su jiran kowa. Kwana kaɗan babu ruwa a zafin watan Maris sun isa su rage amfanin da aka yi wata uku ana wahala dominsa, ga bashin taki yana jira. Daɗin daɗawa, tun ran 29 ga watan Mayu 1999 ba a taɓa jin tsadar mai irin wadda ta biyo bayan 29 ga Mayu 2023 ba, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin fetur. Injin da ke shan mai fiye da ƙima, aljihun kowane memba yake sha.

Kakanninmu da jigo suka yi ban ruwa. A shekarun 1980 ne hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi kamar Kano da Bauchi da Sakkwato suka yaɗa ƙananan injunan fetur a fadamu, daga baya shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 1992, ya ƙara bazuwarsu. Kamfanin Honda ya fito da injunansa na jerin GX a 1983, yawancin injunan da ke kasuwanninmu kuwa ko dai GX160 ne, ko kwaikwayonsa da aka ƙera a ƙasar Sin da wani suna dabam. Gininsu kusan ɗaya ne. Abin da za mu faɗa ya shafe su duka, ya kuma shafi ƙaramin injin niƙa da janareto masu amfani da fetur.

Mene ne aikin kafireto?

Injin fetur yana bukatar abu uku kafin ya yi aiki: mai, da iska, da wuta. Aikin kafireto shi ne ya haɗa mai da iska daidai gwargwado, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai in an bi ta nauyi. Sa'ad da fistin ya sauka ya kan zuƙo iska ta wani siririn maƙogwaro. Gudun iskar nan shi ke jawo mai daga ƙoƙon da ke ƙasan kafireto, ta cikin wani ɗan ƙarfen tagulla mai rami wanda ake kira jet. Jet biyu ne. Babban yana ba da mai lokacin aiki, ƙaramin kuwa lokacin da injin ke tafiya a hankali. Faɗin ramin babban bai kai milimita 1 ba, na ƙaramin ma ya fi haka ƙanƙanta. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi.

A cikin ƙoƙon akwai wata 'yar roba mai iyo a kan mai, makanikai suna ce da ita fulot. In ƙoƙon ya cika sai ta taso, ta tura allurarta ta rufe hanyar mai. Ke nan dai. Kafireto ba shi da sassa da yawa masu gogar juna, shi ya sa ba ya saurin tsufa. Toshewa yake yi, abin da ke toshe shi kuma daga waje yake zuwa.

Tambaya uku kafin a ɗauki sukurudireba

Ta fari, mai yana isowa? A duba tanki da ido. A duba makunnin mai a buɗe yake, makunnin wuta kuma a kunne. A auna baƙin mai, injin yana zaune a wuri mai daidai, gama injuna da yawa suna da wata na'ura mai yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa. Mun sha ganin an kwance kafireto kaf, alhali rabin kofin baƙin mai kaɗai injin yake nema. Sa'an nan a sassauta ƙaramin notin da ke gindin ƙoƙon kafireto, a tari abin da ya fito a kwalba mai haske. In mai bai zubo ba, to hanyar ce ta toshe tun daga tanki, ko tiyo, ko ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai inda datti ke kwantawa. In ya zubo, a ɗaga kwalbar a duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, za a gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayar dutsen ado.

Ta biyu, iska tana shiga? A buɗe matacin iska. Soson da ke ciki a wanke shi da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Na takarda a kakkaɓe shi a hankali, in ya yi baƙi ko ya yage a sake wani. Littafin Honda ya ce a tsabtace shi bayan kowace awa 50 ta aiki, a wuri mai ƙura kuwa a yawaita fiye da haka. Da hunturu, mu masu fama da hazo, kowane mako ba yawa ba ne. Waɗansu sukan cire matacin gaba ɗaya su yar, wai injin ya sami numfashi. Lalle zai yi ƙara mai daɗi na ɗan lokaci, amma ƙurar da yake haɗiya ita za ta cinye ringi da silinda. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ta uku, wuta tana zuwa? A ja igiya sau huɗu ko biyar, sa'an nan a kwance fulogi a duba bakinsa. In a bushe yake, mai ba ya isowa ciki. In a jiƙe yake, mai ya zo amma bai kama ba. A goge man da ya zuba, a mai da hular fulogin, a jingina ƙarfensa a jikin injin nesa da ramin da aka cire shi, a ja igiya. Ya kamata a ga tartsatsi mai ruwan shuɗi. Fulogin GX160 shi ne mai lamba BPR6ES na NGK ko makamancinsa, ratar bakinsa kuwa milimita 0.7 zuwa 0.8. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye sabo guda ɗaya a akwati domin gwaji.

Waɗannan tambayoyi uku ba su cin minti ashirin, ba su kuma cin ko kwabo.

Injin ya kan faɗi ciwonsa

Wanda ya iya sauraro, injin zai gaya masa inda ke masa ciwo.

In yana tashi da cok, watau ɗan marfin nan mai rage iska sa'ad da injin ke da sanyi, amma da an buɗe cok sai ya mutu, to mai ne ya yi masa kaɗan. Ko jet ya toshe, ko gasket da ke tsakanin kafireto da injin ya fashe, iska tana kutsawa ta nan.

In yana hawa yana sauka shi kaɗai kamar mai haki, yawanci ƙaramin jet ne ya soma toshewa. Abin da makanikai ke kira gwamna yana ta ƙara masa mai yana ragewa domin ya riƙe gudunsa. Gwamna ba shi da laifi, kada a taɓa shi.

In yana fid da baƙin hayaƙi, bakin fulogi ya yi baƙin kunkunniya a bushe, mai ya yi yawa. A duba matacin iska, a duba ko an bar cok a rufe, a duba ko allurar fulot ba ta rufewa. Tankin GX160 yana cin lita 3.1, injin kuma yana shan kimanin lita 1.4 a awa in yana cikakken aiki. Watau tanki ɗaya ya kamata ya wuce awa biyu. In ba ya kai wa nan kusa, akwai dalili.

In ya yi aiki na ɗan lokaci sai ya mutu, bayan ya huta ya sake tashi, a gwada sassauta marfin tanki. Akwai 'yar kafa a marfin wadda iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. In ta toshe, mai ba zai gangara ba. In sassauta marfin bai yi magani ba, mai yiwuwa koyil ne ke gazawa in ya yi zafi, ko bawul ne ya matse. Wannan aikin makaniki ne. Ratar bawul a GX160 milimita 0.15 ce a na shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi, ana kuma aunawa injin yana da sanyi.

In mai yana ɗiga daga kafireto, allurar fulot ce ta maƙale ko datti ya tokare ta. A nan sai a sansana baƙin mai. In yana warin fetur, ya kuma yi ruwa-ruwa, a juye shi a zuba sabo kafin a sake tā da injin. Kullum in an gama aiki, ko za a ɗora injin a amalanke ko babur, a rufe makunnin mai.

In hayaƙin shuɗi-shuɗi ne, baƙin mai yake ƙonewa. Ko an cika shi ya wuce ƙima, ko an karkata injin, ko ringi ya cinye. Ko sau goma aka wanke kafireto ba zai warkar da wannan ba.

In kuwa injin yana gudu lafiya amma ruwa ba ya fita, a ƙyale injin, a duba famfon. An cika cikinsa da ruwa kafin a tā da shi? Mesar zuƙo ruwa tana shan iska ta wurin ɗauri? Ciyawa ta toshe bakinta? Irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, kome ƙarfin injin. Kada dai a bar shi yana juyi babu ruwa, gama abin da ke hana yoyo a cikinsa zai ƙone.

In lalle kafireton ne

Sa'ad da an bi duk waɗannan, aka tabbata kafireto ne, sai a yi aikin a natse. A bar injin ya huce. Ban da taba, ban da fitila, ban da garwashi a kusa. A shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan tire, kada a yi aikin a kan yashi. Mai wayar hannu ya ɗauki hoton sandunan da ɗan siririn sifirin da ke haɗe da kafireto kafin a cire kome. In za a kwance wani sukuru na gyaran mai, a fara murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga juyi har ya zauna, a rubuta lambar, domin a mai da shi yadda yake.

A cire ƙoƙon a wanke shi da fetur mai tsabta. A kwance babban jet da sukurudireba wadda ta cika bakinsa daidai, gama tagulla ba ta da tauri, da an zame ta lalace. A bayansa akwai siririn bututu mai ƙananan ramuka a gefe, shi ma a fito da shi. A ɗaga kowanne a duba ta hasken rana. Ramin da haske bai ratsa ba a hura shi da famfon keke. Kada a hura ko a zuƙi fetur da baki. Kada a sa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, domin za su buɗa ramin, daga ran nan kuma injin zai riƙa shan mai har abada. In dattin ya ƙi fita, silin waya ɗaya mai laushi na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki ya isa. A mai da gasket yadda suke, wanda ya yage a sake shi.

Muna ƙara gargaɗi a kan gwamna. An tsara injin nan kada ya wuce juyi kimanin 3,600 a minti ɗaya. Mai jan sifirin gwamna domin ruwa ya ƙara ƙarfi yana rage kwanakin injin ne, wata rana kuma sandar fistin za ta fasa cikinsa ta fito.

Daga ina ciwon yake fitowa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar fari ita ce man da muke saye. Man kwalba na bakin hanya ya kan zo da ruwa, da tsatsa, wani lokaci ma an gauraya shi da kananzir ko gas. Ga gwaji mai sauƙi: a ɗiga kaɗan a farar takarda. Fetur tsantsa zai bushe ba tare da ya bar tabo ba, mai gauraye kuwa zai bar tabon maiƙo. Ko man gidan mai ma ba a rasa ran tsautsayi. A watan Fabrairu 2022 hukumomin ƙasa da kansu suka sanar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci kuma suka lalace a waɗansu birane. Saboda haka kowane mai a tace shi ta mazurari mai raga, a ajiye shi a jarka mai marfi wadda ba a zuba kome a ciki sai fetur, a inuwa. 'Yar guntuwar da ta rage a gindin jarka kada a juye ta a tanki.

Tsaga ta biyu ita ce ajiya. Da ruwan sama ya sauka sai a jingine injin a zaure da sauran mai a cikinsa, ba a sake waiwayarsa sai bayan girbi. Fetur kuwa ya kan soma lalacewa cikin wata guda. Sashensa mai sauƙi ya tashi, sauran ya zama danƙo kamar ƙaro, ya liƙe jet da allurar fulot. Wata biyar na damina sun ishe shi ya gama ɓarnarsa. Yawancin injunan da ke ƙin tashi a farkon rani, wannan ne ciwonsu.

Maganinsa aikin rabin awa ne. A juye tanki, a tsiyaye ƙoƙon kafireto. A sake baƙin mai tun injin yana da ɗumi, GX160 kimanin lita 0.6 yake ci. A cire fulogi a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin, a ja igiya kaɗan, a mai da fulogin, sa'an nan a ja a hankali har a ji ta yi tauri, a bar ta nan. A zubar da ruwan cikin famfo. A rufe da buhu ko zane, ban da leda, gama leda tana tara gumi.

Masu cewa a sayi sabo

Waɗansu za su ce, sabon kafireto yana nan a kasuwa, kuɗinsa bai kai na amfanin da za a yi hasara ba, don me za a ɓata lokaci? Akwai gaskiya a maganarsu. In jikin kafireto ya tsage, ko ruwa ya ci cikinsa ya yi farin gari, ko sandar maƙogwaronsa ta yi lako-lako, ko wani ya riga ya buɗa jet da allura, to saye ya fi gyara. Ƙungiya mai injuna da yawa ma ya kyautu ta ajiye guda ɗaya, a ɗaura shi ran gaggawa, a wanke tsohon daga baya. Amma sabon kafireto a ƙarƙashin tanki mai tsatsa, cikin mako guda zai kamu da ciwon tsohon. Na asalin da ya zo da injin kuma sau da yawa ya fi na kasuwa inganci, kada a yar da shi.

Waɗansu kuma za su ce lokacin injin fetur ya wuce, tun da bayan 2023 manoma da dama sun juya injunansu suna aiki da gas na girki, waɗansu kuma sun koma famfo mai aiki da hasken rana. Muna murna da wannan, ƙungiyar da ta sami hali ta gwada. Amma injin da aka juya zuwa gas yana nan da fuloginsa, da matacin iskarsa, da baƙin mansa. Famfon hasken rana kuma sai an tara kuɗi. Hanyar tara kuɗin nan ita ce a riƙe tsohon injin da kyau, ya daina cin abin da ya kamata a ajiye.

Ba kuwa muna so mu hana makaniki abincinsa ba ne. Aikin bawul, da ringi, da koyil nasa ne. Makaniki nagari ya fi jin daɗin a ce masa "yana tashi da cok, da an buɗe sai ya mutu, mun duba mai da fulogi," da a kawo masa sassa a kwano.

Abin da muke roƙon kowace ƙungiya

Na ɗaya, a zaɓi mutum ɗaya mai kula da injin, da mataimaki ɗaya. Su kaɗai ke da izinin kwance kome. A sa matasa a ciki, mata masu injin niƙa su ma a koya musu.

Na biyu, a sayi littafi a ɗaure shi tare da injin. A riƙa rubuta wanda ya ɗauka, da awoyin da ya yi, da man da ya sha. Sabon injin ana sake masa baƙin mai bayan awa 20 na fari, daga nan kowace awa 100. Ba tare da littafi ba, wa zai san an kai?

Na uku, kowane memba ya biya ɗan abu a kan kowace awa, a ajiye shi dabam domin gyara.

Na huɗu, a tanadi akwati mai fulogi, da matacin iska, da gasket, da igiya, da baƙin mai, da sifana mai lamba 10, da sifanar fulogi.

Na biyar, a sa rana biyu a shekara cikin tsarin ƙungiya: ranar ajiye injin a farkon damina, da ranar gwada shi a watan Oktoba, tun ba a dasa kome ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe kuma ya fi duka nauyi. Hayaƙin injin yana da guba wadda ba a gani, ba a kuma jin warinta. Kada a tā da injin a cikin ɗaki. In an saukar da shi cikin rami ko rijiya domin ya kusanci ruwa, kada kowa ya shiga yana aiki, ko da an kashe shi sai an jira iska ta wanke ramin. Ana sake sayen injin, ba a sake sayen mutum.

Shugabanni da magatakarda, muna roƙonku ku karanta wannan a taronku na gaba da injin a tsakiyar fili, kowa ya ga jet da idonsa, ya ga ƙanƙantar raminsa. Wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya ba zai sake zuba mai a tanki ba tare da ya tace ba.